Zinariyar Famfon Bisga

Talato ce ta fara gani. Ita ce mai daddawar Bisga, matar Yamba masaƙi, gajeriyar mace mai ƙarfin damtse da saurin baki, wadda shekarunta suka haura hamsin amma har yanzu ba ta yarda wata yarinya ta riga ta isa famfo ba. Kowace mace a ƙauyen ta iya dafa kalwa, sai dai ranar kasuwar Yako tata ake nema, har masu sari kan tare ta tun a bakin hanya.

Bazara ce, ɗorawa ta nuna, zafi ya kai inda ya kai. Da safiyar nan ta sauke kalwar da ta kwana a wuta, ta surfa ta da toka, ta ɗora babban bahonta baƙi a ka ta nufi gindin tsamiya inda famfon tuƙa-tuƙa yake. Shi kaɗai ne ruwan garin a wannan lokaci, don tsohuwar rijiya ta ƙafe tun da sanyi ya wuce. A 'yan kwanakin nan famfon ya koyi wani kuka na daban, hannunsa ya yi nauyi, ruwan kuma yakan zo da ɗan yashi-yashi. Ba wanda ya damu. Tunda yana ba da ruwa, ya yi ta kukansa.

Ta wanke kalwar ta kwashe a kwando, ta sake tuƙa ruwa don ɗauraye bahon. Tana jujjuya shi tana tsiyayewa a hankali, sai ɗan yashin da ya rage ya kwanta a gefe kamar jinjirin wata. Rana ta haska ciki. Talato ta tsaya cak.

A cikin yashin akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa, ƙanana kamar garin barkono, suna ƙyalli. Ta karkata bahon, suka ƙara walƙiya. Ta sa yatsa ta dangwalo, ta kai kusa da ido.

"Yaya Talato, me kike leƙe a baho haka kamar mai duba?"

Pogbi ce, faccalarta, matar ƙanin Yamba. Tare suka tsufa a gida ɗaya, kuma ba abin da ya taɓa shiga tsakaninsu sai aron ludayi.

"Ba komai," in ji Talato, ta kife hannu a kan bahon.

"Ba komai ne ya sa bakinki ya buɗe har ƙuda na neman shiga?"

Talato ta duba gabas ta duba yamma. Ta jawo Pogbi da haɓar zane. "Ki rantse ba za ki gaya wa kowa ba."

"Na rantse da kabarin uwata."

"Uwarki na nan da ranta, Pogbi. Jiya na gan ta tana korar awaki."

"To, da na kakata. Buɗe mana!"

Talato ta ɗaga hannu. Pogbi ta leƙa, ta ɗago, ta sake leƙawa. Sai ta dafe kai da hannu biyu ta zauna daɓas a cikin caɓi, ba ta ma san ta zauna ba.

"Wayyo ni! Zinariya!"

"Rufe mini baki!"

"Zinariya a famfo, Yaya! A famfonmu!"

Pogbi ta cika alkawari gwargwadon ƙarfinta. Mijinta kaɗai ta gaya wa. Shi kuma bai faɗa wa kowa ba sai waɗanda ya tarar a rumfar burkutu. Kafin rana ta take tsaka, har makiyayan da ke bayan tsauni sun ji.

Talato kuwa gida ta wuce da gudu-gudu, ta bar kwandon kalwa a gindin famfo. Ta sami Yamba a ƙarƙashin rumfarsa yana saƙa, ƙafafunsa na hawa da sauka.

"Maigida, ajiye ƙoshiyar nan. Zinariya na fitowa a famfo."

Bai ko ɗago ba. "Madalla. Gobe kuma sai madara. In ta fara zuwa ki ɗebo mini, na daɗe ban sha ba."

Ta kwance haɓar zanenta ta shimfiɗa masa a kan saƙar da yake yi. Yamba ya dubi abin da ke ciki. Ƙafafunsa suka daina motsi. Ƙoshiya ta suɓuce ta faɗi ƙasa, bai bi ta kanta ba.

"Talato," ya ce da wata siririyar murya, "kwano za mu sa wa ɗakin nan. Har da na awaki."

Abin da aka yi a Bisga daga ranar nan, tsofaffin garin ma sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Duk wani abu mai zurfi da ke cikin gida an fito da shi: bahuna, ƙore, akusa, murafen tukwane, har da wani tsoho da ya zo da hular kwanon jikansa. Layi ya taso daga gindin tsamiya ya zagaye masallaci ya kai bakin coci. Samari bibbiyu suke kama hannun famfon, suna tuƙawa suna waƙa, in suka gaji wasu su karɓa. Ƙarfen bai samun sanyi daga fitowar rana har faɗuwarta. Mata sun durƙusa a jere suna jujjuya ruwa, kowace ta tsura wa gindin ƙwaryarta ido, jifa-jifa sai ka ji guɗa ta tashi.

"Na samu! Ga uku!"

"Uku kawai? Zo ki ga nawa, kamar an barbaɗa!"

Ruwan da ake zubarwa ya malale ya zama fadama. Agwagi da aladun unguwar coci suka samu duniya sabuwa. Da aka fara ture-ture da zage-zage a layi, Naba sarkin garin ya fito da kansa, ya sa aka ajiye masa kujera a inuwa, ya yanke cewa gida-gida za a riƙa bi. Sannan ya yi gyaran murya ya ce a miƙo masa ƙwarya ɗaya, don ya tabbatar da idonsa. Bai mayar da ƙwaryar ba har yamma.

Abin da ya ƙara haukata mutane shi ne, yawan tuƙi yawan ƙyalli. Abin da Talato ta samu a ranar farko bai fi a lakata da yatsa ba, amma da aka kwana biyu ana aiki, kowane baho sai ya zo da rabonsa. Kukan famfon ma ya sauya. Da can ƙiii-ƙiii yake yi, yanzu ya koma gurnani, ƙurrr-ƙurrr, kamar ana niƙa a dutse, har a hannu ana jin kakkarwarsa.

"Kun ji ko?" in ji Yamba, wanda ya bar saƙa gaba ɗaya ya zama mai sharhi a gindin famfo. "Jijiyar ce muka taɓo. Manyan ne suke ƙoƙarin hawowa, bututun ya yi musu kaɗan. Ku ƙara ƙarfi, samari!"

Suka ƙara.

Talato na tara nata a gwangwanin tumatir da take turawa ƙarƙashin randa. Amma ba kwanon rufi ne a ranta ba. Ɗanta Rasmane take tunani, ɗanta namiji tilo, wanda ya tafi ramukan zinariya na kudu, wajen Gawa, shekaru ke nan bai taka Bisga ba. Yakan kira jefi-jefi, ya yi gaisuwa a gurguje ya kashe. Duk sanda rediyo ya ce rami ya rufta da mutane, Talato ba ta iya cin tuwo sai ta ji muryarsa.

Ta ɗauki wayarta ta hau tudun da ke bayan gari, inda ake samun layi. Ta kira har ya ɗauka.

"Rasmane! Tattara kayanka ka taho gida. Abin da ka tafi nema ya zagayo ya same mu a ƙofar ɗaki."

"Inna, lafiya? Me ya zagayo?"

"Zinariya! A famfo take fitowa! Ko tsugunawa ba sai ka yi ba, balle shiga rami. Ka tuƙa, ka tsiyaye, ka kwasa."

"A famfo, Inna? Wane ne ya gwada ta?"

"Idona ya gwada ta. Naba ma ya gwada. Kai ka fi Naba ne?"

"A'a, Inna." Sai ya ce a hankali, "In zan zo fa, ba ni kaɗai ba ne."

"Ka zo da duk wanda ka ga dama! Bahuna sun ishe mu. Kai dai ka zo."

Tana saukowa ta ci karo da mata uku suna hawa, kowace da waya a hannu. Ashe duk mai ɗa a ramuka tunaninsu ɗaya.

Ranar da suka iso, babur mai ƙafa uku ne ya kawo su daga Yako, cike maƙil, samarin Bisga a tsaye a baya suna ihu suna kaɗa huluna. Layin famfo ya watse. Uwaye suka zubar da ƙore suka ruga, kowace na kiran sunan nata. Talato na kutsawa tana ture mutane da gwiwar hannu har ta hango shi: ya rame, ya yi baƙi, ya tara gemu, amma shi ne. Ta kama shi ta girgiza, ta dake shi a ƙirji, ta sake rungumewa.

"Ɗan banza! Ɗan banza! Dubi wuyanka kamar na zalɓe. Ba a cin abinci a can?"

Rasmane na dariya idonsa na kawo ruwa. Sai ya zame jikinsa ya juya, ya miƙa hannu ya taimaki wata doguwar mace ta sauko. Baƙa ce siririya, da goyo a bayanta. Ta durƙusa har ƙasa a gaban Talato.

"Inna," in ji Rasmane, yana kallon ƙafafunsa, "wannan Yeri ce. 'Yar ƙabilar Lobi ce. Matata ce. Wannan kuma 'yarmu ce, Nopoko."

Pogbi ta toshe baki da hannu. Talato ta dubi ɗanta, ta dubi matar, ta dubi 'yar ƙafar da ke leƙowa daga cikin goyo.

"Mata," ta ce. "Da 'ya."

"Na so in faɗa, Inna. Kullum sai in ce sai na samu abin da zan shigo gida da shi. Ban samu ba."

"Aure ka yi, aka yi ciki, aka haihu, aka yi suna, ina nan ina dafa kalwa kamar wadda ba ta haifa ba?"

Talato ta ja numfashi, kowa ya san ruwan masifa na tafe. Daidai nan jaririyar ta juyo da kai ta yi hamma, ta buɗe ido ta dube ta.

"Kwanto ta," in ji Talato da tsawa. "Kwanto ta na ce! Kin bar yarinya a rana."

Yeri ta kwance goyon. Talato ta karɓe ta, ta ɗaga ta sama ta juya ta dama da hagu, sai ta ƙyalƙyale da wata dariya mai haɗe da kuka.

"Maigida! Yamba! Zo ka ga abin da ka jawo wa baiwar Allah. Kunnuwanka ne sak! Kamar faifai biyu. Wayyo 'yar nan, wa zai aure ki?"

Pogbi ta saki guɗa, sauran mata suka amsa. Talato ta saɓa jikarta a kafaɗa ta shige gaba tana taka rawa, aka bi ta har gida ana tafi. Ba ta ƙara ce wa Yeri komai ba, amma da suka isa ita da kanta ta dama mata ruwan gari da tsamiya, wanda ake tarar baƙo da shi, ta miƙa mata da hannu biyu.

Sai da aka ci tuwo da miyar kuka, rana ta karkata, sannan Yamba ya kasa haƙuri.

"Ɗauko gwangwanin nan, Talato. Nuna wa yaro abin da muka tara muna zaune a inuwa."

Ta jawo shi daga ƙarƙashin randa ta buɗe. Tun shekaranjiya ta lura gefen garin ya fara yin kore-kore, irin na tsohon munduwa, amma ta ce wa ranta laimar randa ce. Yau koren ya ƙaru.

Rasmane ya zuba kaɗan a tafin hannu. Ya murza da yatsa, ya shinshina. Ya miƙa wa Yeri. Ita kuwa tun tana ƙarama take wanke zinariya a rafin garinsu. Ta zuba a ƙwarya da ɗan ruwa, ta juya sau biyu. Garin ya tashi yana yawo da ruwan. Ta ɗago ta dubi mijinta, ta sunkuyar da kai.

"Me ya faru?" in ji Yamba. "Me kuke kallon juna?"

"Baba, zinariya nauyi gare ta. In aka juya ruwa, zama take yi daram. Wannan rawa take."

"To, mai fara'a ce. Irin ta Bisga ke nan."

Rasmane bai yi musu ba. Ya ɗauki cokalin ƙarfe ya zuba garin a ciki, ya ɗora a kan garwashin murhu, ya hura. Duk suka zagaye shi. Suna kallo ƙyallin ya dushe, ya yi ja, ya koma baƙi ƙirin kamar gawayi.

"Zinariya ko ta kwana a wuta ba ta sauya fuska," ya ce. "Inna, wannan tagulla ce."

"Tagulla?" Yamba ya miƙe tsaye. "Wa ya zuba tagulla a ƙarƙashin ƙasa? Aljanu ne suke ƙira a can?"

Ba a kai ga ba shi amsa ba sai ihu ya tashi daga wajen tsamiya. Ba irin ihun kwanakin nan ba ne. Suka fita a guje, Talato da jika a kafaɗa.

Samari biyu na tsaye riƙe da hannun famfon. Suna ɗaga shi yana tafiya sakayau kamar kara, suna dannawa yana faɗuwa ba nauyi. Babu gurnani, babu kuka. Bakin famfon ya ɗiga sau ɗaya ya bushe.

A nan Rasmane ya faɗi abin da cokali ya nuna. Da farko ba a yarda ba, har wani ya ce baƙin ciki ne irin na 'yan ramuka. Amma sauran samarin da suka dawo suka karɓi ƙulle-ƙullen iyayensu suna dubawa, kowanne ya duba sai ya girgiza kai. Sannu a hankali idanu suka fara juyowa wajen Talato.

"Kada wanda ya kalle ni!" ta ce. "Ni na aika a kira ku? Mutum ɗaya na gaya wa, ita ma sai da ta rantse da kabari."

"Na kakata ne," in ji Pogbi, "kuma ba mu shiri da ita tun tana da rai."

Naba ya ɗaga hannu kafin abin ya zama faɗa. Ya ce zinariya ko tagulla, gari dai ba ruwa, a aika Yako a kira Pare.

Pare shi ne mai gyaran famfunan yankin, kuma ɗan ƙabilar Samo ne. Tsakanin Samo da Mosawa kuwa, wato ƙabilar mutanen Bisga, wasa ne tun na kakanni, ba mai jin haushin wani ko me aka faɗa. Washegari da hantsi aka ji tsohon babur ɗinsa na tari daga nesa. Tun bai tsaya ba yake dariya, har babur ɗin na tangaɗi.

"Ina bayina Mosawa? An ce kun yi arziki! Na zo karɓar rabon ubangida. Naba, ina buhuna?"

"Sauko, bawan kakana," in ji Talato. "Sauko ka yi aikin da aka saye ka dominsa."

"Au, ke ce uwar zinariyar? Ki taimaka ki duba mini tulun gidana, ko lu'ulu'u na ciki."

"Abin da ke tulun gidanka burkutu ne, kowa ya sani."

Ya kwance kan famfon yana waƙar zambo, ya ce yana son majiya ƙarfi, don sai an zaro bututun gaba ɗaya daga ƙasa. Nan samarin ramuka suka tuɓe riguna. Jan igiya daga zurfi shi ne abincinsu shekara da shekaru. Rasmane ya tsaya a gaba ya ɗauko waƙar da suke yi in suna fito da buhun dutse, sauran suka amsa, bututu ya fara hawowa. In guda ya fito Pare ya danne da maƙatarsa ya kwance, a jingine a tsamiya, a kama na gaba. Mata suka shiga amshi da tafi. Yamba na zagaye yana ba da umarnin da ba mai saurara.

"Ja! Ja! Saura kaɗan! Ga shi nan!"

Na ƙarshe ya fito yana ɗigar da ruwa, da wani ɗan gajeren tulu na ƙarfe a ƙarshensa, tsawonsa bai fi damtse ba. Pare ya shimfiɗa buhu ya kwance shi, mutane suka yi masa rumfa da kawuna. Ya zaro abin da ke ciki ya ɗaga sama.

"Kun ga nan? Fata ce ya kamata a gani, ita ke shafar bango tana jawo ruwa. Ina take? Ta cinye tun tuni, saura ɗan zare. Da ta ƙare sai ƙarfe ya koma gugar ƙarfe, ga yashin bazara ya shiga tsakani yana taya su."

Ya juya tulun ya saita shi da rana. Cikinsa shimfiɗe yake da tagulla, tana walƙiya kamar sabon zobe, duk ta yi zane-zane daga sama har ƙasa kamar an ja ta da farce. A gefe guda ta sude har ta huje. Ya zura yatsa ya shafo, ya fito da shi yana ƙyalli.

"Ga ma'adininku. Duk tuƙi ɗaya, kun kankare mata fata. Da kun bar ta da kukanta na farko, fata kawai zan sauya in sha ruwan gari in tafi. Amma kuka taru, har da sarkinku, kuka yi kwana da kwanaki kuna niƙa hanjin famfonku kuna ƙullewa a tsumma." Ya share hawayen dariya. "Kai, Allah ya bar mini Mosawa!"

Kowa na tuna inda ya ɓoye nasa ƙullin. Sai wani sauti ya kuɓuce wa Pogbi ta hanci. Ta yi ƙoƙarin dannewa, ya ƙi. Talato ta harare ta, sai ita ma kafaɗunta suka fara rawa. Kafin ka ce me, gindin tsamiya ya kece. Masu riƙe ciki na riƙewa, masu faɗuwa na faɗuwa. Naba ya ja hularsa ya rufe fuska, amma ana ganin tumbinsa na motsi.

"Manyan ne suke ƙoƙarin hawowa!" wani ya kwaikwayi muryar Yamba.

"To ai ga babban ya hawo," in ji Yamba, yana nuna tulun. "Na yi ƙarya?"

Sabon tulu sai an aika birnin Kudugu. Aka yi karo-karo: Naba ya ba da rago, Talato ta ba da cinikin daddawarta na kasuwa guda, samarin ramuka suka zazzage abin da ke aljihunsu. Kafin ya iso, garin ya koma ɗibar ruwa a madatsar da ke bayan tsauni, masu amalanken jaki da jarkoki, marasa shi da ka. Tafiya ce mai nisa, ruwan kuma ja ne sai an tace. A hanyar nan ne Talato ta fara hira da Yeri. Ta ga yarinyar na ɗaukar tulu biyu, ɗaya a ka ɗaya a kwankwaso, ba ta haki, ba ta ƙorafi. Ta tambaye ta uwarta, ta tambaye ta ko Rasmane na dukanta. Yeri ta ce da Mosancinta mai karkata, "Shi? Ai ni yake tsoro." Talato ta yi dariya har ruwa ya zubo mata a wuya.

Ranar da Pare ya dawo da sabon tulu ɗaure a bayan babur, ba wanda ya je madatsa. Samari suka mayar da bututun ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure kan famfon, ya goge hannu a wando.

"Uwar zinariya, zo. Ke kika kashe shi, ke za ki tashe shi."

Talato ta miƙa wa Yeri jaririyar, ta gyara ɗamara, ta kama ƙarfen. Ta danna. Ba komai. Ta sake, ta sake. Hannun na tafiya sumul, ba ƙara ko kaɗan, har shirun ya ba mutane tsoro. Gumi ya karyo mata. Sai ta ji nauyi ya fara zuwa, kamar wani na riƙe da ɗaya gefen daga ƙasa.

"Yana zuwa," ta ce. "Wallahi yana zuwa!"

Bakin famfon ya yi tari, ya tofar da iska, sai ruwa ya ɓarke fari tas, mai sanyi. Guɗar da aka yi har tsuntsayen tsamiya suka tashi. Aka yi ta tara hannu ana sha, ana watsa wa juna. Pogbi ta cika ƙwarya ta juye wa Pare a ka, shi kuma ya bi ta da gudu yana cewa baiwa ta yi wa ubangijinta wanka, sai a ɗaura aure. Da ya dawo yana ɗiga, ya ja kunnen matan cewa duk ranar da famfon ya sauya murya ko ruwa ya zo da yashi, a kira shi tun fata na da sauran rai.

Ba a daɗe ba hadari ya fara haɗuwa a gabas. Wasu samarin suka koma kudu tun kafin ruwan farko, uwayensu na kuka a bakin hanya. Wasu suka ce sai an yi shuka. Rasmane ya ce wa uwarsa zai yi damina a gida, bayan girbi kuma bai sani ba tukuna. Ba ta matsa masa ba. Ya ɗauki gatari ya bi ubansa gonar bayan rafi da ta yi shekaru ba a taɓa ba.

Da rana tsaka Talato na tsakar gida da Nopoko goye a bayanta, tana buɗe kalwar da ta rufe ta ruɓa, tana nuna wa Yeri yadda ake gane ta yi. Yeri ta dangwala ta ɗanɗana, ta ɗan yamutsa fuska.

"Me?" in ji Talato.

"Ba komai, Inna. Ta yi daɗi. Sai dai a garinmu mukan bar ta ta ƙara kwana, ta fi ƙamshi."

Talato ta ajiye ludayi a hankali. "Pogbi! Fito ki ji! Yarinyar nan za ta koya mini daddawa!"

"Me ta ce?" Pogbi ta amsa daga ɗaki.

"Wai tasu ta fi!"

"To ku dafa biyu mana, mu kai Yako mu ga wadda za ta riga ƙarewa."

Yeri ta ce ta yarda. Talato ta ce a ɗauko babbar tukunya.